Ƙaramin Tebur Mai Shuɗi: Me Muke Biya Idan Mun Saye Shi?

Duk gidan da ya taɓa aurar da ɗiya ya san yadda lissafin kayan ɗaki yake tafiya. Gado da katifa da kujeru su ake yi wa dogon ciniki, a je a dawo, a kai ruwa rana. Sai an gama da su, aljihu ya yi sauƙi, sannan ido ya faɗa kan ƙaramin teburin nan da ake ajiyewa gefen kujera ko gefen gado, wanda ake ɗora wa baƙo ruwa da shayi a kai. Shi ba a cika yi masa ciniki ba, domin ƙarami ne, mai shago kuwa ya san da haka. Idan teburin yana da ado, musamman shuɗin nan mai ɗaukar ido, sai ka ji an ce tsohon kayan Sham ne, ko aikin Maroko, ko sabon yayin Turkiyya, kuɗin kuma ya tashi daidai da girman sunan da aka ambata.

Masu cinikin kayan ɗaki a ƙasashen waje sun kasa irin waɗannan tebura gida uku. Akwai tsoho na haƙiƙa, wanda a tsarin kwastan na duniya sai ya haura shekara 100 kafin ya ci wannan suna. Akwai na tsakiya, wato na zamanin iyaye da kakanni, wanda ya wuce shekara 20 amma bai kai ɗari ba. Sai kuma na yau. Mun ga ya dace mu bi su, domin uwar da za ta shiga kasuwa ta san abin da ake nuna mata.

Daga Alƙahira zuwa Dimashƙa

Kakanninmu ba su san tebur ba, kuma ba su yi asarar komai ba, tabarma da akushi da faifai sun wadatar da su. Mutanen Masar da Sham ma zaman ƙasa suke yi a kan darduma da matasai, shi ya sa teburin da suka ƙirƙiro ya zo ƙarami, mai sauƙin ɗauka: a kawo shi gaban baƙo, a ɗora tire, a ɗauke idan an gama. Kursi suke kiransa. Mafi shahara a cikin waɗanda suka rage yana gidan adana kayan tarihin Musulunci na Alƙahira. An ƙera shi a shekara ta 728 bayan Hijira, wato 1327 zuwa 1328, domin Sarki Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun, sarkin nan da Mansa Musa na Mali ya gana da shi a 1324 a kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji. Kusurwa shida gare shi, tsayinsa kimanin santimita 80, jikinsa tagulla ce da aka huhhuda kamar raga, aka cusa mata azurfa da zinariya, aka zagaye ta da laƙabobin sarkin cikin rubutun Larabci. Yana da ƴar ƙofa a gefe wadda ake buɗewa a ajiye abu a ciki. An same shi ne a asibitin da mahaifin sarkin ya gina. Abin da ya fi burge mu game da shi kuwa, maƙerin bai ɓoye kansa ba, ya rubuta sunansa a ƙasan aikin: Muhammad ɗan Sunƙur, mutumin Bagadaza. Shekara kusan 700 ke nan, sarautar ta tafi, sunan mai sana'a yana nan ana karantawa.

Talaka ba shi da tagulla da zinariya, sai ya yi nasa da katako. A Dimashƙa aka fi ƙwarewa: tebur mai kusurwa takwas na itacen jauzi, a fafe masa ƙananan gurabe, a cika su da ƙashi da ɓawon katantanwar teku mai sheƙi wanda Larabawa ke kira sadaf, a zagaye kowane guntu da siririyar waya. A ƙarni na 19 wani kafinta Kirista na birnin, Jurji Bitar, ya shahara da wata dabara ta daban: a manne siraran sanduna na itatuwa masu launi iri-iri su zama dami guda, sannan a yayyanka damin a kwance kamar yadda ake yanka burodi, kowane yanki ya fito da zane iri ɗaya, a shimfiɗa shi a kan tebur. A wannan ƙarnin ne kuma Turawa suka kamu da son kayan Gabas. A baje kolin duniya na Paris a 1889 har titi guda aka gina mai kama da na Alƙahira, kantuna irin su Liberty na London, wanda aka buɗe a 1875, suka riƙa jigilar waɗannan tebura. Ke nan mafi yawan tsofaffin teburan Sham da ake gwanjonsu a Turai ba daga fadar wani sarki suka fito ba, don kasuwa aka yi su tun farko. Wannan bai rage musu daraja ba, amma ya kamata ya rage wa mai shago tsawon labari.

Faransawa ma suna da nasu ɗan tebur mai ƙafa ɗaya da suke kira guéridon, wanda a ƙarni na 17 fitila ake ɗora masa. Sau da yawa ƙafar tasa mutum-mutumi ce ta baƙin bawa ɗauke da tire a ka. Har yau akan kwaikwayi wannan siffa a sayar, kuma ba mu ga dalilin da zai sa ta shiga gidan Musulmi baƙar fata ba, ko ta fuskar addini ko ta fuskar mutunci.

Yaƙin da ya ɓarke a Siriya a 2011 ya tarwatsa masu wannan sana'a da yawa zuwa Labanon da Jodan da Masar da Turkiyya, sadaf ya yi tsada, roba mai ƙyalli ta maye gurbinsa a kayan araha. Bambance su ba wuya. Sadaf na gaskiya yana da sanyi a hannu, idan ka karkata teburin launinsa yakan sauya, kuma ba za ka sami guntu biyu masu kama ɗaya sak ba. Roba kuwa duk bakinsu ɗaya, kamar an buga su da hatimi. Sannan a kifa teburin a duba cikinsa. Ƙusa mai murɗi wadda kanta ke da tsaga biyu kamar alamar tarawa ba ta bazu ba sai a shekarun 1930, saboda haka idan da ita aka haɗa teburin tun asali, ba gyara aka yi masa daga baya ba, to bai kai shekara ɗari ba, kome rantsuwar mai shi.

Inda shuɗin ya fito

Mu Hausawa mun san shuɗi ta hanyar baba da shuni, da marinar Ƙofar Mata ta Kano wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, da rawanin Buzaye mai barin launi a goshi. To amma shuni na tufafi ne, ba ya jure wutar da ake gasa tangaran da ita, kuma bai dace da fentin katako ba. Shuɗin tebur daga ƙasa aka haƙo shi, ta hanya biyu.

Ta farko dutsen lazawardi ne, wanda ake haƙowa a duwatsun Badakhshan na ƙasar Afganistan tun fiye da shekara 6,000. Daga sunansa Faransanci ya sami kalmar azur. A niƙa shi, a tace, a sake tacewa, abin da zai rage na shuɗi tsantsa ɗan kaɗan ne, shi ya sa a Turai akwai lokacin da farashinsa ya yi kafaɗa da kafaɗa da na zinariya. Ba wanda zai shafe tebur da irin wannan. Ta biyu ita ce ƙasar kobalti, wadda ba ta da kyan gani kafin a gasa ta, amma idan ta shiga wuta a ƙarƙashin gilashin tangaran sai ta fito shuɗi mai zurfi wanda rana ba ta kashe shi. Maginan tukwane na Basra sun yi zane da ita a kan farin kwano tun ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa. A ƙarni na 14 fatake suka kai kobaltin Farisa ƙasar Sin, maginan birnin Jingdezhen suka haɗa ta da farin tangaran nasu, aka sami fari da shuɗin nan da duniya ta sani. Sinawa da kansu sun daɗe suna kiran irin wanda ake shigo musu da shi shuɗin Musulmi. Kujerar tangaran mai siffar ganga da suke ajiyewa a lambu ita ce yau ake sayarwa a matsayin teburin gefe. A Turkiyya kuma garin Iznik ne ya gasa tayil fiye da 20,000 da aka lulluɓe cikin masallacin Sarki Ahmad na Istanbul da su a farkon ƙarni na 17, har mutane suka manta sunansa suna ce masa shuɗin masallaci.

Teburin Maroko da muke gani daga wannan zuriya yake. A Fas ana gasa tayil, wanda mu a nan muka fi sani da karo, sai mai sana'a ya zauna da guduma mai kaifi yana sassare shi ƙanana-ƙanana, taurari da kusurwoyi, a jera su a kife, fuska a ƙasa, a zuba siminti ta baya. Mai jerawa ba ya ganin launin da yake jerawa, da ka yake aiki. Zallij suke kiran wannan. Teburin zallij na gaskiya yana da nauyi ƙwarai, idan ka shafa shi za ka ji gaɓoɓin da ɗan tudu da kwari. Wanda ka shafa ka ji sumul, zanen kuma yana maimaita kansa ba kuskure ko ɗaya, hoto ne aka buga a kan karo guda. Shi ma yana aiki, sai dai kada a biya shi kuɗin na hannu. A kula kuma, gilashin tangaran na gargajiya sau da yawa da dalma ake haɗa shi, saboda haka ba a zuba abinci kai tsaye a kansa.

Yadda shuɗi ya faɗi warwas

A 1824 wata ƙungiyar bunƙasa masana'antu a Faransa ta sa ladan faran 6,000 ga duk wanda ya iya haɗa shuɗin lazawardi ba tare da dutsen ba. Jean-Baptiste Guimet ya ci ladan a 1828, da farar ƙasa da kanwar masana'anta da farar wuta da gawayi. Cikin ƴan shekaru abin da sarakuna ke tattali ya zama na kowa. Bular da iyayenmu mata ke sa wa farar riga a ruwan ɗauraya, ita ce wannan shuɗin. Shuni ma bai tsira ba, kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da na masana'anta a 1897.

Duk da haka suna bai daina sayar da launi ba. Wani mai zane Bafaranshe, Jacques Majorelle, ya shafe gidansa na Marakish da wani shuɗi mai ƙarfi a 1937, yau kuma duk teburin ƙarfe da aka yi wa irin fentin sai a kira shi da sunansa a ƙara kuɗi. Wani kuma, Yves Klein, ya yi rajistar nasa haɗin a 1960, bayan rasuwarsa a 1962 aka fara yin tebur da sunansa: akwatin roba mai gani-har-hanji da murfin gilashi, cike da garin shuɗi, a kan ƙafafun ƙarfe. Miliyoyin sefa ake sayar da shi. Garin da ke ciki kuwa ɗan'uwan bula ne na jini. Ba muna raina masu fasaha ba ne, amma iyalin da za su sayi tebur su sani cewa a zamanin nan launi shi ne mafi araha a jikinsa. Abin da ke cin kuɗi na gaskiya katako ne da haɗi da lokacin da mai sana'a ya ɓata.

Zamanin fomeka

Na tsakiya mun fi saninsu, domin da su muka tashi. Formica, wadda bakinmu ya mayar fomeka, a Amurka aka ƙirƙiro ta wajen 1913 don kayan lantarki, sai daga baya aka gane cewa takarda da aka jiƙa da gam aka danne da zafi tana jure ruwa da shayi mai tafasa. A shekarun 1950 da 1960 ta cika gidajen Faransa da tebura masu shuɗi mai haske da ƙafafun ƙarfe, daga can ta gangaro mana, har ta kai babu ɗakin amarya da ya cika sai da gadon fomeka. Waɗanda aka jefar a bayan ɗaki a nan, irinsu ne matasan Turai ke nema a kasuwar gwanjo. Wanda yake da shi a gida, ƙafafun ba su ruɓe ba, ya wanke shi ya sa a gyara masa baki. Ya fi yawancin sababbi ƙarko.

Inda muke so a yi hattara shi ne tsohon tebur mai fenti. Shuɗin kansa ba shi da dalma, amma farin da ake haɗa shi da shi don ya yi haske, da jan fentin da ake fara shafa wa ƙarfe don hana tsatsa, a da da dalma ake yin su. Amurka ta hana fentin dalma a gidaje a 1978, Kamaru ta kafa tata dokar a 2017, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ƙanƙanin adadin dalma da za a ce ba ya cutarwa. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Can daga ma'adini ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Teburin gefe kuwa tsayinsa daidai bakin yaro mai koyon tsayuwa. Idan fentin tsohon tebur yana ɓarewa, kada a kankare shi a bushe a tsakar gida inda ƙura za ta tashi, a fitar da shi daga inda yara ke wasa, ko a kai wa kafinta ya rufe shi da man katako mai sheƙi, wanda suke kira verni.

Na yau

Yawancin sababbin da ke zuwa mana cikin kwali daga Sin da Dubai da Turkiyya ba katako ba ne, garin katako ne da aka kwaɓa da gam aka danne, aka lulluɓe da leda mai launi. Wani ma cikinsa takarda ce da aka saƙa kamar saƙar zuma. Haka ake yin teburin LACK na kamfanin IKEA, wanda ya fito a 1979 ya zama ɗaya daga cikin teburan da aka fi saya a duniya. Su can ba su ɓoye ba, a matsayin kayan araha suke sayar da shi, kuma a ɗakin da ba zafi ba ƙura yakan yi shekaru. A Yamai ko Maraɗi kuwa, inda zafin bazara ke haura digiri 40, gam ɗin bakin yakan saki, sannan ruwan goge daɓe na kullum ya shiga ta ƙafa, garin ya kumbura kamar burodin da ya jiƙa, kuma idan ya kumbura ba ya komawa. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Abin takaicin shi ne a wurinmu ko arahar ba a samu, domin kuɗin jirgin ruwa da na mota da na kwastan duk a kan mai saye suke sauka, balle da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso.

Ga kafintoci da masu walda a Katako, ga masu sana'ar hannu a Wadata da gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka kafa a 1959 kuma yake ba su wurin aiki, gine-ginensa ma fari da shuɗi ne. Ƙaramin tebur ba ya cin katako da yawa, guntayen da suka rage daga ƙofa ko gado sun isa. Wannan yana da muhimmanci, domin itatuwan kirki suna ƙarewa: maɗobiya ta shiga jerin itatuwan da aka taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe a 2017, maɗaci da kawo suka bi ta a 2023. Tsohuwar ƙofar maɗaci da aka cire daga gidan da ake rushewa ta fi sabon katako, domin ta gama bushewa. Wanda aka yi da ɗanyen katako da damina, da zarar hunturu ya busa sai ka ji ya tsage da dare kamar an harba bindiga. A tambayi kafinta yaushe katakon ya zo hannunsa, a kuma ce ya fafe rami ya shigar da ƙafa ciki, kada ya haɗa da ƙusa kawai. Wanda kuma yake son shuɗi mai ɗorewa da kuɗi kaɗan, ya sa mai walda ya yi masa ƙafafun ƙarfe, a kwantar da karo shuɗi guda ɗaya ko huɗu a kai. Gara ba ta cinsa, butar shayi ba ta ƙona shi, tsumma mai ruwa ya ishe shi.

Saura magana ɗaya da ta shafe mu a matsayinmu na Musulmi. Tebura da tire na tagulla da ake kawowa daga Masar da Maroko da Indiya sau da yawa suna ɗauke da rubutun Larabci, ana kwaikwayon irin na kursin Sarki Nasir. Wani rubutun laƙabin sarauta ne ko fatan alheri ga mai gida, wani haruffa ne kawai da maƙeri ya jera ba ma'ana, amma wani aya ce ko sunan Allah, mai sayarwa kuma sau da yawa bai karanta ba. Kafin a biya, a sami wanda ya iya karanta irin wannan rubutu mai sarƙa ya duba. Idan aya ce, wurinta bango, ba inda ake ajiye kofi da ragowar abinci ba, balle inda yaro zai taka ya hau kujera. Haka kuma abin da aka ce azurfa ce: mazhabobi huɗu sun haɗu a kan haramcin ci da sha a ƙwaryar zinariya da azurfa, sun kuma yi saɓani game da abin da aka yi wa ɗan ado da su, saboda haka wanda tire irin wannan ya faɗo hannunsa, ta gado ko ta kyauta, ya kai wa maƙerin farfaru ya tabbatar masa da ƙarfen, sannan ya kai tambayarsa ga malamin unguwa.